Daga Sarƙa Zuwa Kwamfuta: Tarihin Auna Ƙarfin Ginin Dutse

1.0 Gabatarwa

Tun kafin a san lissafin ƙarfin katanga, magina suna ta da ganuwoyi da ƙubbobi bisa ƙa'idojin da suka gada. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda masana suka mayar da wannan gado ilimin lissafi.

2.0 Sarƙar Hooke da Ƙubbar Rum

A shekarar 1675 Robert Hooke na Ingila ya gano cewa idan aka rataya sarƙa ta gefe biyu, sannan aka kife siffar da ta yi, za a sami bakan da zai iya tsayawa da kansa. Abin da ke jan sarƙa ƙasa, shi ne ke danne dutse.

An jarraba wannan ra'ayi sa'ad da ƙubbar majami'ar Santa Bitrus ta birnin Rum, wadda aka kammala a 1590, ta tsattsage har hankula suka tashi. Giovanni Poleni ya kasa ƙubbar gida 50, ya rataya wa sarƙa nauyi 32 gwargwadon nauyin sassan ginin. Da ya kife siffarta, sai ya ga ba ta fita daga kaurin ginin ba. Bisa ga haka ya yanke cewa ƙubbar ba za ta rushe ba, ko da yake an ƙara ɗaure ta da zobban ƙarfe. Ya wallafa bincikensa a 1748.

3.0 Daga Coulomb Zuwa Heyman

A 1773 Charles Coulomb ya gabatar da nazari a Faris kan yadda ƙasa ke tunkuɗar katangar da ta tare ta. A 1966 kuma Jacques Heyman na Jami'ar Kambirij ya taƙaita al'amarin cikin sharuɗɗa uku: ginin dutse ba ya jure ja, danniya ba ta murƙushe shi, duwatsunsa kuma ba sa zamewa. Ke nan siffa da kauri su ne ƙashin bayan tsayuwarsa.

4.0 Kammalawa

A yau kwamfuta ke rarraba katanga ƙanana-ƙanana, ta lissafta nauyin da kowane yanki ke ɗauka. Duk da haka tambayar Poleni ce ake maimaitawa: shin hanyar da nauyi ke bi zuwa harsashi tana cikin kaurin katanga? Amsarta ce ke raba tsagar da za a liƙe da wadda za a kwashe mutane dominta.