Raƙumi Mai Tozo Biyu: Tarihin Manhajar da Ta Koya Mana Kwamfuta

Kalmar manhaja ta daɗe a bakin malaman makaranta kafin ta shigo namu. A wurinsu tana nufin tsarin abin da za a koyar, daga ajin farko zuwa na ƙarshe. Mu masu rubuta furogiram muka are ta muka laƙaba wa abin da muke ƙerawa, har ta kai yau in an ce manhaja yaro wayarsa zai duba. Amma waccan ta malaman ita ta yaye mu, kuma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar wa ya tsara ta, balle ko an taɓa gwada ta an ga tana aiki.

Duk wanda ya yi digirin kimiyyar kwamfuta, a Zariya ne ko Kano ko Legas, ya san jerin: gabatarwa, sai rubuta furogiram, sai lissafin hujja da alaƙoƙi, sai hanyoyin jera bayanai, sai lissafin ƙiyasi da lambobi wanda ya sa da yawanmu kwana ido biyu. Wannan jeri a Amurka aka fara shata shi, kuma da dalili.

A 1962 Jami'ar Purdue ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta na farko a ƙasar. Wasu jami'o'in suka biyo baya, kowace da nata salon, domin malaman wasu daga sashen lissafi suka fito, wasu daga injiniyancin lantarki. Manyan farfesoshi na wasu fannoni kuwa kallon sana'ar hannu suke wa abin, kamar a ce za a ba mutum digiri a kan tuƙa mota. Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta kafa kwamiti, ya fitar da shawarwarin farko a 1965, sannan a watan Maris na 1968, ƙarƙashin jagorancin William Atchison, ya buga rahoton da aka sani da Curriculum 68. Kwasa-kwasai 22 ne, an kasa su matakai uku, an nuna wanda ke gaban wani, an jibga musu lissafi. A ganinmu wannan lissafin rabinsa buƙatar fanni ne, rabinsa babbar riga ce da baƙo ya sa don a ba shi wurin zama a majalisar jami'a. Rigar ta yi aikinta. Sai dai a watan Oktoban shekarar, a garin Garmisch na Jamus, wasu masana suka taru a ƙarƙashin NATO suna kukan cewa manyan ayyukan furogiram ba sa ƙarewa a kan lokaci, suna cin kuɗi fiye da kima, kuma suna fitowa da kurakurai. Tun daga ranar farko damuwar jami'a daban, ta wurin aiki daban.

Bayan shekara goma aka sake zama. Curriculum 78 ya matso da rubuta furogiram gaba, ya raɗa wa kwasa-kwasan farko sunayen CS1 da CS2 da masu bincike ke amfani da su har gobe, ya kuma rage lissafi. Anthony Ralston da Mary Shaw suka mayar da martani a 1980, suna ganin an zubar wa fannin da ginshiƙinsa. A 1991 ACM ta haɗa kai da reshen kwamfuta na IEEE, aka ci gaba da sabuntawa a 2001 da 2013 da 2023. A Nijeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta shimfiɗa mafi ƙarancin mizanin karatu a 1989, ta sabunta a 2007, sannan a ƙarshen 2022 ta ƙaddamar da sabon tsari wanda ya riƙe kashi 70 na manhaja, ya bar wa kowace jami'a kashi 30.

Duk waɗannan takardu hanyarsu ɗaya: ƙwararru su zauna, su yi musu, su amince da abin da ya kamata ɗalibi ya sani. Alhali tun 1949 Ralph Tyler na Jami'ar Chicago, a ɗan ƙaramin littafinsa kan tsara manhaja, ya ajiye tambayoyi huɗu: me ake son cimmawa, me ɗalibi zai yi don ya kai can, yaya za a jera abubuwan, kuma ta yaya za a san an kai. Kwamitocin sun ƙware a ta farko da ta uku. Ta huɗun sai da wasu mutane daban suka ɗauko ta.

Cikinsu akwai Elliot Soloway na Jami'ar Yale, wanda a shekarun 1980 ya riƙa ba ɗalibai wani aiki da aka laƙaba wa suna matsalar ruwan sama. A rubuta furogiram da zai yi ta karɓar lambobi har sai ya ga 99999, sannan ya faɗi matsakaicinsu. Layi goma ko sha biyar ne. Ɗalibai da yawa suka kasa. Wani ya tara 99999 ɗin cikin jimla, wani ya manta cewa in ba a shigar da lamba ko ɗaya ba zai raba da sifili. Sun san kowane tubali, haɗa su ya zama gini ne ba a koya musu ba.

A 2001 wani ayarin malamai ƙarƙashin Michael McCracken ya faɗaɗa gwajin. Ɗalibai 216 daga jami'o'i huɗu, duk a shekararsu ta farko, aka ce su rubuta ɗan furogiram mai aikin kalkuleta. Matsakaicin makinsu bai kai 23 ba cikin 110. A 2004 ayarin Raymond Lister ya koma baya da taki ɗaya, ya tambaya ko ɗaliban na iya karanta gajeren furogiram da aka riga aka rubuta su faɗi abin da zai yi. Da dama ba su iya ba. Ashe ana neman rubutu daga wanda bai gama koyon karatu ba, abin da ko malamin allo ba zai yi ba. Bincike biyu da suka tattara sakamako daga ƙasashe da dama, a 2007 da 2014, sun tsaya kusan wuri ɗaya: ɗaya cikin ɗalibai uku ba ya cin kwas ɗin farko na rubuta furogiram.

Irin wannan sakamako hanya biyu yake buɗewa, a zargi manhaja ko a zargi ɗalibi, kuma ta biyun ta fi sauƙi. A 2006 Saeed Dehnadi da Richard Bornat na Jami'ar Middlesex a Ingila suka rubuta wata takarda da takenta ke cewa raƙumi tozo biyu gare shi. Hujjarsu ita ce makin ɗalibai yakan taru wuri biyu, masu iyawa a tozo ɗaya, waɗanda ba za su taɓa iyawa ba a ɗayan, kuma wai sun gano gwajin da zai rarrabe su tun kafin a koya musu komai. Takardar ba ta bi ta hannun masu tacewa na mujalla ba, amma ta zagaye intanet, domin ta faɗi abin da mutane ke son ji. Mu ma mun san sigarta ta baka. Akwai waɗanda muka fara tare, suka faɗi kwas ɗin farko, aka ce musu ba su da kan abin, suka sauya sashe da wannan hukunci a zuciyarsu. A 2014 Bornat ya fito fili ya janye maganarsa.

A wannan shekarar ce Kathi Fisler ta sake ɗauko matsalar ruwan sama, ta ba ɗaliban da aka koyar ta wani salo daban, inda ake horar da su su farfasa aiki ƙanana-ƙanana kafin su fara rubutu. Suka fi na gwaje-gwajen baya yin abin kirki. Tambaya ɗaya ce, koyarwar ce ta bambanta.

Sai a 2016 Elizabeth Patitsas da abokan aikinta suka je duba raƙumin da kansa. Suka ɗauki jadawalin maki 778 na kwasa-kwasan kwamfuta a Jami'ar British Columbia ta Kanada, suka auna siffarsu. Kashi 5.8 cikin ɗari kawai suka nuna alamar tozo fiye da ɗaya. Daga nan suka nuna wa malamai 53 wasu zane-zanen maki, suka ce su faɗi siffar da suke gani. Malaman da suka yarda cewa da baiwar rubuta furogiram ake haifar mutum, su suka fi ganin tozo biyu a zanen da babu shi.