Gini daban, kaya daban: yadda gobarar Landan ta raba inshorar gida biyu

Wata 'yar'uwa da ke karatu a Ingila ce ta turo mini tambaya. Ta kama hayar gida, sai ta ga ana tallata mata inshora kala biyu, ɗaya ta gini, ɗaya ta kayan cikin gida, ga kuma wadda ta haɗa duka. Ta ce wacce za ta ɗauka? Na ce mata ai amsar tana cikin tarihi, don haka mu koma baya tukuna.

Ranar 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi, Thomas Farriner, a layin Pudding Lane da ke Landan. Kwana huɗu tana ci. Ta cinye gidaje kusan 13,200 da coci 87, har da babban cocin St Paul. Masu sayar da littattafai sun kwashe hajarsu sun ɓoye a ƙarƙashin cocin, suna ganin ginin dutse ne, wuta ba za ta iya da shi ba. Rufin ya rufto, komai ya ƙone. Shi kuwa Samuel Pepys, ma'aikacin gwamnatin da ya rubuta abin da ya gani, rami ya haƙa a lambu ya binne giyarsa da cukunsa. Ku dubi abin da mutum ke fara ceto idan hankali ya tashi!

Babu kamfanin inshorar gobara ko ɗaya a lokacin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, yawancin yarjejeniyar haya ta wancan zamani ta ɗora wa ɗan haya nauyin gyara gida. Wato kayanka sun ƙone, ba ka da wurin kwana, kuma mai gida na jiran ka sake gina masa gidansa. Sai da majalisa ta kafa kotu ta musamman a 1667 don raba rigimar masu gida da 'yan haya.

Wajen 1680 wani likita da ya koma harkar gine-gine, Nicholas Barbon, ya buɗe ofishin inshorar gobara a bayan Royal Exchange. Gini kawai yake karɓa, kuma mai gidan katako na biyan ninki biyu na mai gidan bulo. A 1696 aka kafa Hand in Hand, ita ma gini zalla. Me ya sa suka guji kaya? Gini yana nan inda yake, kowa na gani, ana iya aunawa. Amma wa zai tabbatar da cewa akwai atamfa turmi ɗari a ɗakinka kafin wuta ta tashi? Tsoron ha'inci ne ya hana su.

To amma 'yan kasuwar Landan da yawa haya suke yi, dukiyarsu tana cikin kaya ne, ba a bango ba. Sun Fire Office da aka kafa a 1710 ta karɓi gini da kaya. Sai kuma a 1714 aka kafa Union, wadda kaya kawai take karɓa, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Hand in Hand: wannan ta riƙe bango, waccan ta riƙe abin da ke ciki. Kusan shekara 90 suna a haka kafin kowacce ta shiga gonar 'yar'uwarta. A Amurka ma sai a 1950 kamfanin Insurance Company of North America ya fito da takarda guda da ta haɗa gida da kaya da sata da alhakin raunata wani.

Kun ga ke nan rabuwar nan ba dabarar talla ba ce. Mai bango daban ne, mai kaya daban, shi ya sa takardun suka zama biyu. Har yau a Ingila bankin da ya ba ka bashin sayen gida zai sa ka yi inshorar gini, amma bai damu da kujerunka ba, don ba su ne jinginarsa ba. Masu harkar suna da wani gwaji mai sauƙi: ka ɗauka an kife gidan an girgiza, duk abin da ya faɗo kaya ne, abin da ya maƙale gini ne.

Sai na ce wa 'yar'uwar tawa, ke 'yar haya ce, ginin ba naki ba ne, ki yi ta kaya kawai. Haɗawa ta fi amfani ga wanda gidan nasa ne kuma a ciki yake zaune, domin idan wuta ta ci duka, kamfani ɗaya zai nema, ba wai biyu su riƙa jifan juna da zancen ko kabad ɗin kicin gini ne ko kaya ba. Rabawa kuma tana da hujja idan kana da kaya masu tsada, irin gwala-gwalai ko kayan aikin sana'a, da haɗaɗɗiyar takarda ta yi musu iyaka. A duba ƙananan rubutun nan da kyau. Sannan kuɗin da ake rubutawa na gini shi ne abin da za a kashe a sake gina shi, ba farashin sayar da shi ba, tun da fili ba ya ƙonewa.

Wallahi duk sanda na karanta labarin masu littattafan St Paul, gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016 nake tunawa. Da yawan masu shaguna a kasuwanninmu haya suke yi, ko an sake gina shago, jarin da ke ciki ya tafi. Masu ƙyamar inshora saboda riba ko garari, tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanonin da ke yin sa. Idan kuna haya, ku tambayi mai gidan ko ya yi wa ginin inshora, ku kuma tambaye shi ko kayanku na ciki. Ku faɗa mini abin da ya ce.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.