Labaran da Suka Rage a Shafukan Jarida

A watan Maris na 1939 mujallar Amazing Stories ta Amurka ta buga gajeren labarin wani saurayi mai suna Isaac Asimov, labarinsa na farko da ya shiga ɗab'i. Wata biyu kafin nan, a Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam na editanta. Duka biyun a kan takarda mai araha aka buga su, wadda ba a yi ta don ta daɗe ba.

Asimov ya yi dace. A 1972 ya tattara labaransa na ƙuruciya cikin littafi guda, The Early Asimov, kuma ko shi sai da wasu suka salwanta, har da na farkon da ya rubuta a 1938.

Mu a nan, in ana zancen ƙagaggen labarin kimiyya, wuri guda ake nunawa: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata. Labarin yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zaga da shi. Littafin ya cancanci yabon da ake masa. Sai dai kiransa "na farko" hukunci ne da aka yanke bisa littattafai kawai, alhali alƙalamin Bahaushen wancan zamani a jarida ya fi zuba.

Cikin shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna jaridunsu: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato. An yi su ne don waɗanda suka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, wato irin manomin Dawakin Tofa da ya iya karatu da girmansa. Littafi a adaka ake ɓoye shi; jarida kuwa, in an gama karantawa, sai mai ƙosai ko gara.

Da aka rufe NORLA a 1959, jaridun lardunan suka bi ta. Wanda ke son sanin abin da Hausawa suka ƙaga kafin Dembo, aikinsa na Kaduna, a Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa, yana buɗe shafi bayan shafi, a hankali, don tsohuwar takardar jarida karyewa take yi.