Filin Tseren Motoci: Inda Armashi Ya Samo Asali da Inda Ya Zube

Ranar 26 ga Mayun 2024 aka yi tseren Formula 1 na Monako, wanda ya fi kowane tseren motoci suna a duniya. Bayan zagaye 78, motoci goman da suka tashi a gaba su ne suka iso a gaba, kowacce a gurbin da ta tashi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar bakin kanal a Kadawa ko wajen Bunkure lokacin kwasar tumatir ya san irin wannan hali: babbar mota ta sha kaya tana gabanka, ruwa a dama, gona a hagu, komai lafiyar injinka sai dai ka bi bayanta har inda hanya ta buɗe. Titunan Monako ba sa buɗewa. Ana tsere a kansu tun 1929, lokacin da motocin ke da siririn jiki, ga shi ta 2024 faɗinta ya kai mita 2. Gudu yana nan, gwaninta tana nan, amma ɗan kallo ya san ƙarshen zance tun kafin a fara.

Da farko ma babu wani fili. A 1894 motoci suka tashi daga Faris zuwa garin Rouen a Faransa, tafiyar kilomita 126, a kan hanyar da kowa ke bi. Aka ci gaba da tsere daga gari zuwa gari har 1903, shekarar da aka shirya na Faris zuwa Madrid. Jama'a sun cika bakin hanya, ƙura ta rufe ido, direbobi da 'yan kallo suka rasa rayukansu, cikinsu har da Marcel Renault na gidan masu ƙera motar Renault. Gwamnati ta tsayar da tseren a Bodo. Daga nan dabarar da'ira ta kankama: a rufe wasu hanyoyi, a riƙa zagaya su. Grand Prix na farko, a 1906 kusa da Le Mans, an yi shi a da'ira mai kilomita 103. Wanda ya tsaya a gefen hanya zai ga mota ta gifta, sannan ya jira kusan awa guda kafin ta sake dawowa.

A Ingila aka fara gina fili don tseren mota kawai, wato Brooklands, a 1907. Masu filin ba su da abin koyi sai sukuwar dawaki, don haka suka kwaso tsarinta, har direbobi suna sa riguna masu launi irin na mahaya don a gane su daga nesa. Mai zuwa Filin Sukuwa na Kano ba zai ji baƙunta ba a wurin. Indiyanapolis ta Amurka ta biyo baya a 1909, Monza ta Italiya a 1922. Waɗannan filaye sun ba ɗan kallo abin da doguwar hanya ta hana shi, wato ya zauna wuri ɗaya ya ga wanda ke gaba da wanda ke matsa masa.

Sai dai filayen da suka fi shiga ran masoya wasan, ƙasa ce ta zana su kafin injiniya ya sa hannu. Spa ta Beljiyam ta samo asali a farkon shekarun 1920 daga hanyoyin da suka haɗa Francorchamps da Malmedy da Stavelot, da'ira mai kusan kilomita 15 cikin daji da tuddai. Akwai wurin da mota ke gangarowa zuwa rafin Eau Rouge, ta karya hagu, ta karya dama, ta haye tudu direba bai ga abin da ke bayansa ba. Sau da yawa ana ruwa a gefe ɗaya na filin, ɗaya gefen a bushe, direba ya rasa tayar da zai sa. Nürburgring ta Jamus, da aka buɗe a 1927, ta zarce kilomita 20 tana hawa da gangara a tsaunukan Eifel. A irin waɗannan wurare gwani da ɗan koyo ba sa ɓoyuwa, domin kowace kwana da halinta, kuma kuskure ba ya tafiya a banza.

Farashin kuwa rai ne, kuma bai kamata mai son wasan ya manta da haka ba. A Le Mans a 1955 mota ta faɗa cikin 'yan kallo, sama da mutum 80 suka mutu. Jackie Stewart ya yi haɗari a Spa a 1966, ya maƙale cikin mota fetur na zuba a jikinsa, ba ma'aikatan ceto a kusa. Daga nan ya ɗauki yaƙin neman a gyara filaye, wasu suna masa kallon matsoraci, alhali shi ke da gaskiya. Niki Lauda ya ƙone a Nürburgring a 1976, Formula 1 ta bar tsohuwar da'irar. Spa aka rage ta zuwa kusan kilomita 7. Mutuwar Roland Ratzenberger da Ayrton Senna a Imola a 1994 ta sa aka ƙara sa ƙananan kwanoni masu karya gudu a wurare da dama.

Wani sauyin kuma daga jikin motar ya fito. A 1968 aka fara sa wa motoci fukafukai don iska ta danne su a ƙasa su sha kwana da gudu. Matsalar ita ce motar gaba tana dagula iskar da ta baya ke buƙata, sai ta baya ta kasa matsowa a cikin kwana, in kuwa ba ta matso a kwana ba, ba za ta wuce a miƙaƙƙiyar hanya ba. A Monza a 1971, kafin a sa mata kwanonin karya gudu, motoci biyar sun tsallake layin ƙarshe cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, Peter Gethin ya ci da tazarar 0.01 na daƙiƙa. Shekarar da ta biyo baya aka canza filin.

Daga 1999 wasan ya nufi sababbin ƙasashe masu kuɗi, kuma kusan duk filayen mutum ɗaya ya zana su, injiniyan Jamus Hermann Tilke: Sepang a Malesiya a 1999, Bahrain da Shanghai a 2004, Istanbul a 2005, Abu Dabi a 2009. Dabararsa sananniya ce, doguwar miƙaƙƙiyar hanya sannan kwana mai tsanani inda dole a taka birki sosai, don na baya ya samu damar kutsawa. A Bahrain da Sepang dabarar ta yi aiki, Istanbul kuma tana da tudu da doguwar kwana ta takwas da direbobi ke yabo. Inda ta gaza shi ne inda aka shimfiɗa fili a ƙasa mai baje, aka malala kwalta a bayan kowace kwana maimakon tsakuwa ko ciyawa. Direba ya zarce, ya dawo, bai rasa komai ba. An tsare rai, wannan abin godiya ne, amma an cire hukuncin kuskure gaba ɗaya, kuma ba dole ba ne a haɗa biyun. Suzuka ta Japan, da aka buɗe a 1962, har yau tana da ciyawa da tsakuwa a bakin hanya, kuma direbobi da yawa ita suke fifitawa.

Abu Dabi ta nuna illar a fili a 2010. Fernando Alonso ya shiga tseren ƙarshe na shekarar yana kan gaba a maki, ya maƙale bayan Vitaly Petrov kusan zagaye 40 ya kasa wucewa, kambun ya tafi hannun Sebastian Vettel. Fitilu da otal da jiragen ruwa na alfarma duk suna nan, abin da aka zo kallo ne babu. A 2011 aka kawo DRS, ɗan murfi a fiffiken baya da mai bi ke buɗewa ya ƙara gudu. Yawan wucewa ya ƙaru, amma wucewar da na gaba ba shi da halin karewa ba ta ɗaga ɗan kallo daga kujera. A 2021 aka rushe wasu kwanonin Abu Dabi aka sake su, a 2022 kuma aka sauya ƙirar motocin don su iya bin juna kurkusa.

Mu a Afirka mun taɓa samun rabonmu. An yi tseren Tarabulus a Libiya daga 1925 zuwa 1940, an yi na Kasablanka a 1958, Kyalami ta Afirka ta Kudu ta karɓi tseren Formula 1 na ƙarshe a 1993. Mafi kusa da ƙasar Hausa shi ne gangamin Faris zuwa Dakar, wanda ya ratsa Agadas da Yamai tun karonsa na farko a 1979, a cikin rairayin da ba wanda ya zana. A Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya sanar cewa Ruwanda na neman karɓar Formula 1, Afirka ta Kudu ma tana son a koma Kyalami. Ruwanda ƙasar tuddai ce, kuma fatana masu ginin filin su bar tuddan yadda suke, su kuma ba hanyar faɗin da motoci biyu za su shiga kwana kafaɗa da kafaɗa.