Kayan ƙwalam na biki a Gombe: Yadda za a rage kashe kuɗi da abin da ya kamata a sani kan sinadaran zaƙi

A birnin Gombe, da wuya taron suna, walimar aure ko saukar Alƙur'ani ya watse ba a miƙa wa baƙi ɗan abin taɓawa da abin sha mai sanyi ba. Daga Jekadafari zuwa Bolari, Pantami da Tudun Wada, faranti ko ledar da ake bai wa baƙo na daga cikin abin da ake auna karamcin gida da shi.

Sai dai tsadar fulawa, man gyaɗa da sukari ta sa masu biki da masu aikin girki neman hanyoyin sauƙi. Wasu daga cikin hanyoyin ba su da aibi. Wadda ke buƙatar taka-tsantsan ita ce maye gurbin sukari da sinadaran zaƙi, musamman waɗanda ake saye a ƙulle a leda ba tare da suna ko ma'auni ba.

Abin taɓawa mai sauƙin kuɗi

Jihar Gombe ƙasar noma ce, kuma wake, gyaɗa, masara, gero da waken suya na shigowa kasuwar Tudun Hatsi daga ƙauyukan jihar. Don haka abin da aka yi da amfanin gonar gida ya fi sauƙi a aljihu kan wanda ya dogara da fulawa, bota da nama.

Ƙosai da awara su ne kan gaba. Mudun wake ko na waken suya kan ba da guntaye masu yawa, kuma ba sa buƙatar sukari ko kaɗan, sai gishiri, albasa, attaruhu da yaji. Ƙananan waina da sinasir da ɗan ƙuli-ƙuli, ko gugguru da soyayyar gyaɗa, su ma suna cika faranti da kuɗi kaɗan. Yankakkiyar kankana, gwanda da kokwamba na ƙara wa faranti kyau a lokacin da suke araha.

A ɓangaren kayan zaƙi akwai cincin, fanke, gireba, kantun riɗi da alawar madara, sai kuma alkaki, nakiya da dublan, waɗanda suka shahara a kayan garar amarya. Su ne suka fi cin sukari da mai. Dabarar da ta fi dacewa ita ce a rage girmansu da yawansu, a cike gurbin da na gishiri.

Inda sinadarin zaƙi ke shigowa

A alkaki da dublan, aikin sukari bai tsaya ga zaƙi ba. Shi ke ba su danƙo, ƙyalli da jiki, abin da sinadari ba ya iya yi. Wannan ya sa aka fi samun sinadaran zaƙi a abin sha: zoɓo, kunun aya, kunun zaki, lemon citta, lemon tsamiya da ƙanƙarar da ake ƙulla wa yara. Ana samun su kuma a garin lemo na leda da lemon kwalba da ake tallatawa a matsayin marar sukari.

Abin da ke jan hankalin mai haɗa abin sha shi ne ƙarfinsu. Sakarin, wanda aka gano a Amurka a 1879, ya ninka sukari zaƙi kimanin sau 300 ko fiye. Asfatem, da aka gano a 1965, ya ninka shi kimanin sau 200, sukuralos kuwa kimanin sau 600. A jikin kwali ko kwalba akan nuna su da lambobi: E954 ga sakarin, E951 ga asfatem, E955 ga sukuralos, sai E960 ga sinadarin da ake tacewa daga ganyen sitibiya.

Ma'aunin da masana suka gindaya

Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato JECFA, ya ƙayyade adadin da mutum zai iya sha kullum tsawon rayuwarsa ba tare da fargabar illa ba. Ga kowane kilo ɗaya na nauyin jiki, adadin shi ne miligiram 5 na sakarin, 15 na sukuralos, da 40 na asfatem.

Ke nan yaro mai nauyin kilo 20, iyakarsa a rana miligiram 100 ne na sakarin, wato kashi ɗaya bisa goma na giram guda. Babba mai kilo 60 kuwa miligiram 300. Haura wannan adadi sau ɗaya ba ya nufin an sha guba, amma lissafin na nuna cewa auna irin wannan gari da ido ko da cokalin shayi ganganci ne, kuma yara ne suka fi saurin ƙetare iyaka.

Abin da kan biyo baya a jiki

Mafi yawan mutane ba sa jin komai bayan shan abin da aka sa wa sinadarin zaƙi daidai misali. Alamar da aka fi sani ita ce ɗaci-ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe da sakarin ke bari a harshe idan ya yi yawa.

Wasu na kokawa da ciwon kai bayan shan asfatem, kodayake bincike bai tsayar da magana guda a kai ba. Ƙaiƙayi ko ɓorin jini na faruwa ga 'yan ƙalilan.

Kumburin ciki, yawan iska da gudawa sun fi alaƙa da wani rukuni na daban, irin su sobitol mai lamba E420 da zailitol mai lamba E967, da ake sawa a cingam da alewa marasa sukari. Hanji ba ya tsotse su gaba ɗaya, don haka idan an ci da yawa sai su sassauta ciki.

Masu wata cutar gado da ba ta da yawa, wadda likitoci ke kira PKU, su ne dole su guji asfatem, domin jikinsu ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin da ke cikinsa. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a kan kayan da ke ɗauke da shi.

Batun cutar daji da ƙiba

A watan Yulin 2023, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sanya asfatem a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, bisa hujjoji masu iyaka. A lokaci guda JECFA ta bar ma'aunin miligiram 40 yadda yake. Sakarin ma an zarge shi a shekarun 1970 bayan gwaji a kan ɓeraye, amma a 2000 Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi.

Kafin nan, a watan Mayun 2023, hukumar ta shawarci jama'a da kada su dogara da sinadaran zaƙi don rage ƙiba. Shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba, waɗanda ya kamata su bi umarnin likitansu. Su kuma lura cewa zoɓo marar sukari ba ya soke fulawar da ke cikin cincin, haka kuma zuma, dabino da mazarƙwaila duk suna ɗaga sukarin jini.

Darasi daga Kano

Babban haɗari shi ne garin da ba a san asalinsa ba. A watan Maris na 2021, an kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu kuma suka rasa rayukansu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓatattun sinadarai, ciki har da wanda aka sayar a matsayin ɗan tsami. Ba sinadarin zaƙi ne ya jawo wannan ba, amma hanyar ɗaya ce: farin gari a leda, babu suna, babu ranar lalacewa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Abin lura ga mai biki

Duk garin lemo ko sinadarin zaƙi da za a saya, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, jerin abin da ke ciki da ranar da zai lalace. Idan an ba da aikin abin sha ga wani, a tambaye shi abin da ya zuba da yawansa. Abarba, citta, kanumfari da ɓawon lemo na ƙara wa zoɓo armashi har a rage sukari ba tare da an nemi madadinsa ba.

Yana da kyau a ware wani kaso marar zaƙi don dattawa da masu ciwon sukari, a kuma sanar da baƙi idan akwai gyaɗa, riɗi, waken suya, madara ko ƙwai, domin waɗannan sun fi sinadaran zaƙi tayar da ɓorin jini. Kunun aya na saurin lalacewa a zafin Gombe, don haka a yi shi ranar taro, a ajiye shi cikin sanyi.

Idan baƙo ya fara kumburin leɓe ko harshe, wahalar numfashi, amai ba ƙaƙƙautawa ko fitsarin jini, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a tafi da ragowar abin da ya sha da ledarsa, domin su taimaka wa likita gano musabbabin.