Kanwa, Toka da Dilka: Tarihin Gyaran Fuska a Ƙasar Gure

A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen Barno da ƙasar Hausa suka sani da Abdul Karim, ya yada zango a Gure kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. A lokacin garin shi ne mazaunin Kosso, sarkin Muniyo, mai kai gaisuwa ga Shehun Barno. Cikin abubuwan da baƙon ya rubuta game da ƙasar har da tafkunan da ke kwance tsakanin duwatsu da tuddan rairayi, waɗanda bakinsu ya yi fari fat da kanwa. Wannan kanwa ita ce jarin Muniyo, tana kuma cikin abin da ya sa Damagaram ta zuba wa ƙasar ido har ta mamaye ta a zamanin Sarki Tanimu. Daga bakin tafkunan nan labarin sabulun yankin ya faro, da yadda mata suke gyara fuskarsu da shi.

Matsalar da ake fama da ita tsohuwa ce. Yarinya na kai munzalin balaga sai hanci da goshi da haɓa su soma naso, baƙaƙen ɗigo su cika ƙofofin gashi, a matse su yau, kafin mako ya zagayo sun dawo. Fassarar da aka gada kaka da kakanni ita ce dauɗa ce ta maƙale. A ƙasar da iskar hunturu ke kwasar ƙura tun daga Nuwamba har Fabrairu, wa zai yi musu? Maganin dauɗa kuwa sabulu.

Sabulun salo aikin mata ne, galibi dattijai, kuma lokacinsa bayan kaka, sa'ad da karan gero ya bushe a gona. Sai a tara karan a ƙone, a kwashe tokar a zuba cikin tukunya mai huda a gindi, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa don tacewa, a tuttula ruwa a kai. Ruwan tokar yana ɗiga sannu a hankali cikin ƙwarya, ja-ja, mai santsi a yatsa. Shi ake ɗorawa a wuta ya yi ta tafasa har ya ƙone ya yi kauri, sannan a kawo mai: na gyaɗa, ko kitsen dabba, ko man ƙwallon aduwa, itacen da bai yi wa ƙasar Manga rowa ba. Daga nan sai tuƙi da muciya, hayaƙi yana cin ido, kumfa tana tasowa tana komawa, har abin ya yi baƙi ya kama jikinsa. In ya huce a cuccura shi dunƙule-dunƙule a kai kasuwa. Gwanar sabulu da harshe take gane ƙarfin ruwan tokarta. In ya yi yawa sabulun ya ci fata, in ya gaza ya tsaya maiƙo.

Kanwa kuma aikin toka take yi. Idan damina ta wuce ruwan kwari ya janye, sai ɓawon fari ya taso a kan laka, a kankare shi, a tara tsibi-tsibi, a ɗaure cikin tabarmin kaba a aza wa jakuna da takarkarai da raƙuma. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri da kanwa a wannan yanki, ya bi sawun kayan Muniyo da Mangari har Kano da Nufe da ƙasar Yarbawa, da Gwanja inda fatake ke komowa da goro. Akwai farar kanwa da jar kanwa da gwangwarasa, ga ungurnu mai zuwa daga bakin tafkin Chadi. Majema da marina da masu taba da makiyaya duk abokan cinikinta ne, haka mai jego da kunun kanwarta, haka masu sabulu. Har gobe ana cinikinta a kasuwanni irin su Gidigir da Subdu, manyan motoci na ɗauka zuwa Najeriya.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, amma abin da ya sauya ɗakin wanka jirgin ƙasa ne, wanda ya iso Kano a 1911. Gyaɗar kudancin Nijar, ta Magarya da Matamai da Maradi, ta samu hanyar zuwa teku ta Ikko. Tun ƙarni na 19 masana'antun sabulu na birnin Marsai suke dogara da man gyaɗar Afirka ta Yamma, don haka gyaɗa ta riƙa fita a buhu, sabulu yana dawowa a kwali, mai kusurwa huɗu, da tambarin kashi 72 cikin ɗari na mai a jikinsa. Kantunan Turawa da na Kwara suka baza shi. Wanka da sabulun kanti ya zama alamar wayewa ga ƴan lakwal da matan ma'aikata, sabulun salo ya koma na ƙauye. Sai dai bai mutu ba. Duk sa'ad da ƙuraje suka feso wa budurwa, kakarta ce ke cewa, "Ke ƴar nan, bar wannan mai ƙamshin, je ki nemo na salo."

Iska ta gaba daga gabas ta kaɗo. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazai ta ƙasa suke bi: Barno, Chadi, Darfur, Kurdufan, har bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da yawa sun zarce Sudan, inda ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nil. Ta wannan hanya, da ta hannun matan Larabawan Shuwa da Barebari, dilka da halawa da humra da turaren tsuguno suka yaɗu zuwa yamma. Dilkar Sudan ƙullun garin dawa ne da ake turarawa da hayaƙin itace mai ƙamshi, a haɗa da kanumfari da sandal. A nan gida aka ƙara mata kurkur da lalle. Halawa kuwa sukari ne da lemun tsami, a dafa ya yi danƙo, a manna a fata a fizge gashi. Gure, da ke da Manga da Barebari a tsakiyarta, ba ta buƙaci tafinta ba.

Mai dilka takan zaunar da amarya a kan tabarma, ta jiƙa curin da ɗan mai, ta murza a goshi da kumatu da gefen hanci har ya riƙa zubowa siri-siri yana baƙi. Sai ta tara a tafin hannu ta nuna wa dangi: "Kun ga dattin da ya fita?" Fuska ta yi sumul, ango ya yaba. Bayan wata guda ɗigon ya koma mazauninsa.

Dalili shi ne abin da ke cikin ramin ƙofar gashi ba dauɗar waje ba ne. Kowace ƙofar gashi tana da ƴar jakar da ke fitar da maiƙo, balaga kuma tana ƙara mata ƙaimi. Idan maiƙon ya cakuɗe da matattun ƙwayoyin fata sai ya toshe ƙofar, kan toshiyar da ke shan iska ya yi baƙi saboda sinadarin launin fata da ke cikinsa. Sabulu da dirza saman kawai suke ɗauka. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami da ke kare ta, ruwan toka da kanwa kuwa kishiyar tsami ne, shi ya sa mai yawan wanke fuska da sabulu mai kaifi take jin ta tana ɗaurewa tana saɓa. Matsa da farce ya fi muni, domin a baƙar fata duk inda ya kumbura yakan bar tabo mai duhu da zai yi watanni bai tafi ba. Man shafawa ma yana da nasa laifin. A 1970 wasu likitocin fata a Amurka, ciki har da Gerd Plewig da Albert Kligman, sun bayyana irin waɗannan ɗigon a goshin baƙaƙen maza masu shafa man gashi mai kauri kullum. Mai lafta wa fuskarsa irin wannan mai mai kauri saboda kaushin hunturu yana iya shiga wannan sahu.

Tabon nan mai duhu yana cikin abin da ya buɗe wa mayukan bilicin kasuwa. Ana sayar da su da alkawarin goge ƙuraje da haska fuska, alhali da yawansu suna ɗauke da haidurokwinon ko sitiroyid mai ƙarfi ko makuri. Binciken likitocin fata a Dakar ya nuna ƙurajen fuska suna cikin manyan illolin da masu shafa su ke zuwa asibiti da su. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta bi sahu bayan ƴan shekaru, amma bututunsu na nan a faifan ƴan koli daga Kano har Difa.

Magungunan da ke shiga cikin ramin su narkar da toshiyar ba su da tsawon tarihi irin na kanwa. Amurka ta amince da tiretinoyin a 1971. Adafalin, wanda kamfanin Galderma ya ƙirƙiro a Faransa, ya biyo baya a shekarun 1990, ga kuma sabulai da ruwan wanke fuska masu sinadarin salisilik. Likitoci suna hana mai ciki shafa biyun farko, suna kuma gargaɗin a kiyayi rana, abin da ke da wuya a Gure cikin watan Afrilu. Babban cikas ɗinsu dai lokaci ne: sai an yi mako takwas zuwa goma sha biyu ana shafawa kowane dare kafin a ga canji, a makonnin farko ma fuskar takan ɗan ƙara tsananta. Gidan biki kuwa mako ɗaya ko biyu ake ware wa gyaran amarya kafin ranar sa lalle, don haka har yanzu mai dilka ake fara aika wa kuɗin kama aiki.