Safiyar Hofmeister, Yammacin Fischer

Mai karatu, in ka karya da ƙosai yau, ka ci furotin. Amma a farkon ƙarni na 20 ko manyan masana ba su san yadda aka ƙera shi ba. Sun san in aka dafa furotin cikin asid yakan tarwatse zuwa ƙananan sinadarai, wato amino asid. Me ya riƙe su tare tun farko? Nan ake ta gardama.

A watan Satumba na 1902 masana kimiyya da likitocin Jamus suka yi taro a garin Karlsbad. Da safe Franz Hofmeister ya miƙe ya ce amino asid jeruwa suke yi, kan wannan a wutsiyar wancan. Da yamma Emil Fischer ya zo da magana iri ɗaya, shi ne ma ya raɗa wa abin suna feftayid.

Ga yadda haɗin yake. Kowane amino asid hannu biyu gare shi: ɓangaren asid mai kabon, da ɓangaren amino mai naitirojin. Na farko ya saki oksijin da haidirojin, na biyu ya saki haidirojin ɗaya, su haɗu su fita a matsayin ruwa. Sai kabon ya kama naitirojin. Shi ke nan. Za ka ji ana kwatanta shi da carbi, ni dai kwatancen bai gamsar da ni ba, don carbi da zare a tsakiya. Nan babu zare, kowa maƙwabcinsa ya riƙe.

Fischer ya fi burge ni saboda bai tsaya a baki ba. A 1907 ya ɗinka amino asid 18 a jere cikin ɗakin gwaji. Duk da haka ba kowa ya yarda ba. A 1936 Dorothy Wrinch ta ce furotin zobba ne masu kama da raga, kuma ta samu masu saurare. Sai a 1955 Frederick Sanger ya gama karanta jerin insulin, amino asid 51, kowanne a gurbinsa.

Ba a jima ba, a 1957, Vernon Ingram ya nuna cewa bambancin jinin mai sikila da na sauran mutane amino asid ɗaya ne tak: a gurbi na shida cikin jerin 146, balin ya zauna inda gulutamik ya kamata. Ciwon ƙashin da ke kwantar da yaro a asibiti a Kano ko Maraɗi, daga wannan gurbin ya faro.